Gorar Irin da Hajo Ta Ƙi Fasawa

Shekara arba'in ke nan da rasuwar kakata Hajo, kuma har yau ban gama mamakinta ba.

Tana da ɗa guda ɗan yaye lokacin da suka bar Hamdara, a farkon mulkin Faransawa. Gonarsu ta gaji, sai a sha wahalar damina a tashi da ƙaiƙayi. Ga sojojin kumandan Faransawa suna bi gari gari suna ɗibar maza aikin tilas. Ana haka wani falke Bakano a kasuwar Zinder ya ce musu yamma da Takieta akwai dajin da gatari bai taɓa ba, wanda duk ya sare, nasa ne. Kakana bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ɗaura wa jaki kaya, wasu maƙwabta suka biyo shi.

Irin geron kowa aka haɗa cikin gora ɗaya, aka liƙe bakinta da laka, aka ba Hajo riƙo. Kafin su kai Garagumsa guzuri ya ƙare, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Kakana ya ce, "Hajo, fasa gorar nan a dama masa kunu." Ta ce, "Malam, ba namu ba ne mu kaɗai. In mun sha yau, me za mu ba ƙasa in ruwa ya sauka?" Ta goya gorar kamar jinjiri, ta shiga daji tsinkar ganye.

Suka isa, suka sare, suka shuka. Garin da aka haife ni daga cikin gorar nan ya fito.

Yau jikokinmu arewa suke nufa, su tsallaka hamada da waya a aljihu, iri kuwa a leda ake sayensa. Na san da Hajo na raye za ta yi musu tsiya, ta ce wace irin tafiya ce ba abin shukawa? Amma ba za ta hana su ba, don ta san abin da ke tayar da mutum daga gidan ubansa.

Abin da ya rage nata shi ne geron da muke ci, da magana ɗaya da ke nauyaya min zuciya. Shekarar da za ta rasu na gasa mata tumun sabon gero na kai mata. Ta ture hannuna a hankali, ashe ba ta taɓa cin tumu a garin ba.

"Ci abinka," in ji ta. "Yaron nan nawa da na hana kunu, Ilu sunansa. Bai kai damina ba."