Mumuni da Keken da Ba Shi da Wayar Birki

Shekara talatin da ɗoriya Mumuni ya yi yana gyaran keke a gindin bishiyar bedi kusa da tashar Gazawa. Mutum ne marar yawan magana. In ka kawo masa keke, sai ya juya tayar ya kasa kunne kafin ya tambaye ka abin da ya faru.

Wata ranar kasuwa Abdulrahaman, malamin dabbobi mai zagaya rugage yana rigakafi, ya turo wani keke ɗan gwanjo mai ƙatuwar taya. Mumuni ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ji ba nauyi.

"Baba, birkin ne ya saki. Jiya saura kaɗan in faɗa cikin shanun mutane."

Mumuni ya nemi wayar birki, babu. Sai wani siririn tiyo da ya gangara zuwa faifan ƙarfe a tsakiyar taya. Ya matsa hannun birkin, ya ji laushi tuɓus.

"Ɗana, ban taɓa ganin irin wanga ba. Amma ka bar mini shi."

Kwana biyu yana zama wajen masu gyaran babur, yana kallon yadda suke fitar da iska daga birki mai aiki da mai, irin na keken nan. Wani ya tsiyaya masa man birkin mota a kwalba. Har ya buɗe, sai zuciyarsa ta ƙi, ya jira mai keken ya zo ya karanta masa Faransancin da ke kan murfin birkin keken.

Abdulrahaman ya karanta ya ce, "Sun ce wancan man yana cinye robar ciki. Mai sassauƙa yake so."

Mumuni ya tuna da man keken ɗinkin matarsa Habi. Da ya je roƙo ta yi dariya ta ce, "Malam, yau kuma ɗinki za ka koma?"

Da sirinjin allurar shanu suka ɗura man a hankali, kumfa na fita ɗaya bayan ɗaya, har hannun birkin ya yi tauri. Mumuni ya hau, ya gangara wajen rijiya, ya taɓa birkin da yatsa guda. Keken ya tsaya cak. Ya daɗe a wurin yana murmushi.

Yanzu har daga garin Cadawa ake ɗoro masa irin waɗannan kekuna a saman mota. Duk wanda ya tsaya kallo, sai Mumuni ya matsa masa a benci ya ce, "Zauna ka gani, ba wuya gare shi ba."