Goyon Ciki a Mahdiya

Duk ɗan Nijar da ya taɓa ɗaukar bulo a Sabha ta ƙasar Libiya ya san Safiatou mai tuwo ta unguwar Mahdiya. Mutuniyar Tawa ce, shekararta goma sha ɗaya a garin, ga murya, ga faɗa a kan wanke hannu. Amma fa ba abin da ke wuce idonta.

Ita ta fara lura da maƙwabciyarta Soumaya, matar Attahirou magini. Cikin fari ne, wata bakwai. Matar ta daina cin abinci, ta daina kitso, sai ta zuba wa bango ido hawaye na ta zuba. Ba mai tambayarta, don cikin fari ba a zancensa, ita ma kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba.

Attahirou, bawan Allah, ya karɓo rubutu, ya yi hayaƙi, shiru. Sai ya yanke cewa kewar gida ce, tunda a al'ada da yanzu tana ɗakin uwarta wajen goyon ciki. Ya je ya kama mata wuri a motar Agadas. Kwana huɗu cikin sahara a bayan buɗaɗɗiyar mota, da tsohon ciki!

Da labari ya iske Safiatou, ta ajiye muciya ta wanke shi tas a gaban masu cin tuwo, har da tambayarsa ko buhun dabino ya auro. Ranta ya ɓaci sosai. Daga nan ta shiga wurin Soumaya, ta ture kunya gefe, ta tambaye ta kai tsaye.

"Inna, tsoro nake ji," in ji Soumaya. "Kullum gani nake mutuwa zan yi. Kuma ban ji ina son abin da ke jikina ba. Wace irin uwa ce ni?"

Safiatou ta ce mata ita ma haka ta yi a cikinta na biyu, kuma ga ta nan tana tuƙa tuwon mutum sittin. Washegari ta ja ta asibiti. Likita ta ce ciwon damuwa ne, yana kama masu ciki da yawa, ana maganinsa, ta sa musu ranar dawowa.

Da suka komo gida Safiatou ta kira magini.

"Goyon ciki kake so? To ni ce uwarta a garin nan, kawo ta ɗakina yadda ake yi."

Haka ya ɗauko akwati da ƙullin goro, taku bakwai daga ƙofarsa zuwa tata, ya durƙusa ya gaida suruka. Mota ta tashi ba Soumaya.

Ba a rana ɗaya ta warke ba, akwai ranakun da kukan ke dawowa. Amma wani hantsi, Safiatou na kwasar tuwo, Soumaya ta kamo hannunta, da danshinsa da komai, ta ɗora a cikinta.

"Inna, ji," ta ce. "Ɗana na motsi."