Iskar da Ta Rushe Hasumiyar Merv

A kasuwar Asabar ta garin Geeveston akwai wani tsoho mai gemu kamar tsohuwar tsintsiya, yana zaune gaban 'yar hasumiyar katako. Wasan nan ne na cikin gida: a jera guntaye uku-uku, kowa ya zare ɗaya ya ɗora a sama, wanda ta rushe a hannunsa an cinye shi. Da gani ya daɗe a injin yankan katako, don babban yatsansa rabi ne. Shi ke sassaƙa guntayen, kuma da gangan yake sirantar da wasu, don in duk sun zo daidai ba wanda zai zaru.

"Merv, bar abin nan ka sha shayi," in ji Noeleen mai zuma, maƙwabciyarsa. "So kake 'yarka ta gani?"

"Ke dai ji da ƙudan zumanki."

Ashe alkawari suka yi da 'yar tasa: ran da hannunsa ya kasa zare guntu, zai rufe shagon sassaƙarsa ya koma gidan tsofaffi. Ga ta can tafe da kwandon tuffa.

Ya miƙa yatsa, yana rawa kamar mazari. Ya riƙe numfashi, ya tura a hankali. Hasumiya ta yi rangaji, ta zube.

"Iska ce," ya ce.

Ko ganye bai motsa ba. Noeleen ta durƙusa tana tsince masa guntayen.

"Iska ce mana, tsoho."

'Yar kuwa tuni ta ajiye kwandonta, tana kallonsu.