Kabad ɗin Baba Faifai

Kafin ma'aikatan safe su gama shigowa, Baba Faifai ya riga ya goge kekunan marasa lafiya, ya jera su a bakin ƙofar sashen wankin ƙoda. Aikinsa ke nan a asibitin: ya turo mai jinya daga bakin mota zuwa gado, ya tallafe shi ya hau, ya canza zanin gado, ya kai kwalaben jini ɗakin gwaji, ya dawo ya ɗauko wani. Sama da shekara talatin yana wannan kai-komo, har gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai durƙusa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Likitoci ma Baba Faifai suke ce masa, saboda wani kabad na ƙarfe da ya ajiye a kusurwar ɗakin, bayan ƙofa.

Kabad ɗin cike yake da kaset-kaset da faya-fayan sidi, kuma shi ya saye su da guminsa, ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙarshen wata sai ya bi ta shagon mai kaset kafin ya isa gida. Yakan tsaya yana jujjuya kwali, yana karanta bayansa, suna musu da mai shago kan wane mawaƙi ne muryarsa ta fi zaƙi kafin ya tsufa. Ba ya sayen na kwafi. Yakan ce mara lafiya yana son ya riƙe kwalin a hannu ya kalli hoton mawaƙin, ya tuna irin hular da ake yayi a lokacin. Matarsa kuwa takan ce da ta san gidan rediyo za a kai ta, da ta yi shawara kafin ta amsa.

Wanda bai taɓa zama a ɗakin wankin ƙoda ba, ba zai gane amfanin kabad ɗin ba. Mutum ne za a kwantar, a soka masa allura a hannu, ya yi rabin yini yana kallon jininsa na fita ta roba yana dawowa, babu abin ji sai ƙugin inji. Kuma jibi ma haka, har iyakar ransa. Baba Faifai ya ga yadda wannan zaman ke cin mutane fiye da ciwon kansa, sai ya zo da 'yar rediyonsa mai cin kaset. Duk sabon mai jinya, tun yana kan keke yake tambayarsa waƙar da ya fi so yana saurayi, ko tana budurwa. In babu ita a kabad, wata mai zuwa za a same ta.

Haka aka tara masu goge da masu ganga na zamanin kakanni, da masu jita na lokacin da aka fara yayin wando mai faɗin ƙafa, da waƙoƙin soyayya na ƙasashen da babu mai jin yarensu a ɗakin, da na bege ga masu son su. Shi kansa da can ba ya ƙaunar gambarar zamani, yana cewa surutu ne aka ɗora wa kiɗa. Sai aka kawo wata ɗaliba da ke juya fuska bango tana kuka a ɓoye. Ya je ya sayo faifan mawaƙin da take so, mai shago na yi masa dariya. Ba a yi nisa ba manyan nas suka kama shi yana gyaɗa kai a bakin famfo, yana bin amshi. Ya ce ai bincike yake yi.

Ma'aikatan sashen har yau suna ba da labarin wani tsohon direba. Ya gaji da allura, ya gaya wa 'ya'yansa daga ranar ba zai sake zuwa ba, a bar shi ya mutu a ɗakinsa. Likita ya yi magana, 'ya'ya suka yi kuka, bai ko ɗago ba. Baba Faifai ya ɗauko 'yar rediyonsa. Ya sa masa kaset ɗin wani mai molo da direban ya sha ji a kan hanya shekarun baya. Da fuska ɗaya ta ƙare, direban ya ce a juya. Baba Faifai ya cire kaset ya sa a aljihu.

"Yaya, ɗaya fuskar sai jibi," in ji shi.

Direban ya zage shi tas, ya ce bai taɓa ganin mugun mutum irinsa ba. Jibi kuwa sai ga shi a bakin ƙofa, yana tambayar ina mai keken nan. Ya ƙara shekaru yana zuwa, ya ga jikokin da da bai gani ba. Da ya rasu, babbar 'yarsa ta kawo duk kaset ɗin da ke cikin tsohuwar motarsa, ta ce a zuba a kabad.

To, wannan kabad ɗin ne aka ƙone. Baba Faifai ya tafi hutu don a yi masa aiki a gwiwa, sai aka ce manyan baƙi za su zo duba asibiti. Sabon jami'in gudanarwa ya zagaya sashen, ya ga kabad da tsatsa a ƙafa, ya ce a fitar da wannan tarkacen. Babbar nas ta roƙe shi a jira mai shi ya dawo, ko a kai masa gida. Ya ce nan asibiti ne, ba gidan rawa ba. Aka juye kayan a bayan gini tare da tsofaffin katifu, aka cinna wuta. Mai shara ce ta tsamo 'yan kaɗan a cikin zaninta, wasu har sun lanƙwashe. A gurbin kabad ɗin aka kafa talabijin a bango, wadda ba ta nuna komai sai tallan asibitin, ana maimaitawa daga safe har yamma ga mutanen da suka riga suka zo.

Baƙin ko leƙa sashen ba su yi ba.

Da Baba Faifai ya dawo yana ɗingishi, ya tsaya ya daɗe yana kallon kusurwar. Mai shara ta miƙa masa abin da ta tsira da shi, ya duba ɗaya bayan ɗaya, babu na direba ko guda. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ran waɗanda ke wurin. Ya je ofis ya tambaya cikin ladabi ko akwai laifin da ya yi. Jami'in bai ce ya zauna ba. Ya gaya masa cewa an ɗauke shi aiki ne don ya tura keke, ya tsaya a kan abin da aka ɗauke shi.

"Ranka ya daɗe, keken nake turawa," in ji Baba Faifai. "Amma mutum ne a kai."

Wane irin wuri ne wannan, da za a ga tsatsar ƙafar kabad amma a kasa ganin abin da ke ciki? Babu wanda ya ce a ba shi lambar yabo. Kusurwa ɗaya ya nema, bayan ƙofa, inda ko tsintsiya ba a ajiyewa. Da lokacin ritayarsa ya zo a watan jiya, an haɗa shi da wasu a taro guda, aka karanto sunaye a gurguje, aka tashi. Babu wanda ya ambaci waƙa, babu wanda ya ba shi haƙuri.

Baba Faifai, kai ne ka san cewa mai jinya ba ƙoda kaɗai ba ne, yana da ƙuruciya da ya bari a wani wuri, kuma ana iya ɗauko masa ita. Kai ne ka sayi waƙar da ba ka so don wata ta daina kuka. Mai sanyin hannu, mai faɗin kunne, an ƙone maka abin da ka tara rabin rayuwarka, washegari kuma ka goge kekuna kamar kullum.

Yanzu ba ma'aikaci ba ne, don haka babu mai iya kiransa ofis. Yana zuwa lokacin ziyara kamar kowa, da jaka a kafaɗa da 'yar rediyo a ciki, mai gadi ya ɗaga masa hannu ya kau da kai. Ya koma shagon mai kaset ya fara daga farko, duk da cewa da yawa daga cikin waɗanda aka ƙone ba a buga su kuma.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka maka da abin da ofis ya kasa. Ku kuma da kuke da mara lafiya a kwance, kun kai magani, kun kai abinci, madalla. Gobe in kun je, ku ja kujera ku tambaye shi waƙar da yake so, ku nemo ta, ku zauna ku ji tare da shi har ta ƙare.