Kwamfutar Baba a Cikin Akwatin Ajiya

Yayata ce ta kawo mini akwatin ajiyar bayanan daga Sakkwato, inda take aikin kwamfuta. Baƙi ne ɗan dunƙule, da faifan ajiya biyu a cikinsa. Na ɗora shi kan kanta a ɗakina a Isa, na haɗa shi da batirin sola da na'urar intanet ta gida. Ya daɗe ba abin da yake yi sai adana hotunan biki da takardun makarantar da nake koyarwa.

Abin da ke raina shi ne tsohuwar kwamfutar Baba, Allah ya jiƙansa. Malamin gona ne, kuma duk zuwansa Alƙalawa sai ya naɗo muryar tsofaffi suna ba da tarihin Gobir. Da kwamfutar ta mutu na ciro faifanta na adana, amma manhajar da ya tara muryoyin a ciki ta ƙi buɗewa a kowace sabuwar na'ura.

Wata Asabar da hantsi yayata ta kira ni. Ta ce, "Ka san akwatin ga naka yana iya riƙe wata kwamfuta a cikinai? Kwamfuta ce marar jiki. In munka kwafe faifan Baba gaba ɗai, sai ta tashi yadda ya bar ta."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Yaya, yau ɗin nan za ni gwadawa!"

Kwafar faifan kaɗai ta kai ni azahar. Daga nan tana faɗa ta waya ina dannawa. Na yanka wa sabuwar kwamfutar rabonta na ƙwaƙwalwa, na nuna mata kwafin faifan, na kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Na faɗa wa Yaya a ruɗe.

Yaya ta yi dariya ta ce, "Kwantar da hankalinka. Tsohuwa ce, ba ta san faifan zamani ba. Sauya mata irin na da."

Na sauya, na sake kunnawa. Sai ga hoton gonarmu ta Turba ya cika allo, wanda Baba ya sa da hannunsa, gero ya fi mutum tsawo. Na yi ihun da ya sa Inna ta shigo da ludayi a hannu, tana tambayar ko kunama ce.

Na zaunar da ita, na buɗe manhajar, na danna murya ta farko. Ashe gwaji ne ya yi a tsakar gida. Muryar Baba ta fito tangaran yana bisimilla, yana gyaran murya. Can daga nesa sai ga wata mace tana cewa, "Malam, aje abin ga ka taho, tuwo na hucewa."

Inna ta dafe baki, tana dariya tana share ido da gefen zane. Yaya tana ta ihu a waya wai in ƙara sauti.

Inna ta ce, "Kuma bai taho ba, sai da na sake ɗumama shi. Sa mini ta gaba."