Tallar da Ta Riga Muryar Baffa

Baffa, yayan mahaifina, ya rasu tun ina firamare, amma muryarsa ba ta bar gidanmu na Ƙofar Marke ba. Malamin zaure ne, yana karantar da magidanta littattafan fiƙihu da hantsi, kuma Allah ya ba shi baiwar tsara waƙoƙin wa'azi. Bai taɓa yin su don kasuwa ba. Idan an yi walimar saukar karatu a unguwa sai a roƙe shi, ya gyara zama ya rera, babu kiɗa babu amshi. A wata walima irin wannan ce wani mai sayar da kaset a kasuwa ya zo da rikoda ya ɗauki muryarsa, daga baya ya aiko wa gidanmu da kaset ɗaya kyauta. Cikin duk abin da Baffa ya bari, babu abin da Baba ya fi ji da shi kamar wannan kaset.

Rikodar Baba ta tsufa tare da shi. Wata rana na shigo gaisuwa na tarar ta tauna zaren kaset ɗin, Baba yana zaune da biro yana mayar da zaren a hankali. Ina aiki a wani ofis wajen Kalambaina, kuma a danginmu ni ake kira in waya ta ƙi aiki ko talabijin ta ɗauke hoto. Na saba da wannan matsayi har ina jin daɗinsa. Na ce ya ba ni kaset ɗin na kwana biyu. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo.

Na kai wani shago aka juye muryar cikin kwamfuta. Sannan na ɗora ta a babban dandalin bidiyo na intanet, na sa hoton Baffa guda ɗaya da muke da shi, wanda yake zaune kan buzu da rawani. Na tura wa 'yan'uwa na Gusau da Birnin Kebbi da waɗanda ke Ƙonni. Aka yi ta kirana. Goggona ta Gusau ta kira tana kuka, ta ce rabonta da jin muryar yayanta tun tana goyon autanta. Na mayar wa Baba kaset ɗinsa ina ce masa yanzu ko zaren ya tsinke, muryar Baffa ba za ta ɓata ba, duk inda mutum yake a duniya zai iya jin ta.

Abin ya yi wa Baba daɗi fiye da yadda ya nuna. Bayan wasu watanni ya ce yana son a tara tsofaffin ɗaliban Baffa, su saurara tare, a yi masa addu'a. Yawancinsu sun zama dattawa, cikinsu har da limamin unguwa. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Ni na ce kada a yi da waya, muryar ba za ta ishi zaure ba. Na ɗauko babbar talabijin ɗina daga gidana na Unguwar Rogo a keke napep, na kafa ta a kan benci, na haɗa ta da intanet ɗin wayata.

An share zaure an shimfiɗa tabarmi. Dattawa suka zauna, Liman kusa da Baba. Mata suna can bakin ƙofar cikin gida, bayan labule, suna jira su ji. Na tsaya gefe da rimot a hannu, cikin sabuwar shadda, na yi ɗan bayani kan yadda aka yi muryar ta shiga intanet. Sannan na danna.

Ba muryar Baffa ce ta fito ba. Kiɗa ne ya fashe a zauren, mai ƙarfi, hoton ya cika da 'yan mata suna rawa cikin kayan da ba zan iya kwatanta su ba, wani saurayi yana ɗaga waya yana kiran mutane su zo su yi cacar ƙwallo. Talla ce. Na san irinta, akan jira kaɗan sannan wurin tsallakewa ya bayyana. Amma hannuna ya rikice, maimakon in rage murya sai na ƙara. Liman ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Wani tsoho ya ja hularsa ya rufe fuska. Daga bayan labule na ji takun mata suna komawa ciki.

Da tallar ta wuce, hoton Baffa ya bayyana, ya buɗe da bisimilla. A hankali zauren ya fara dawowa, na ga leɓunan wasu suna bin baitocin da suka haddace tun suna samari. Har na fara sauke numfashi. Baffa ya kai wurin da yake magana a kan ranar da za a ɗauki mutum zuwa makwancinsa, muryarsa ta yi ƙasa kamar yadda takan yi a wurin, sai aka yanke shi a tsakiyar baiti. Wata tallar ta shigo, ta man shafawa mai sa fata haske.

"Kashe shi," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

Na kashe. Liman ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba.

"Ɗana, kai ka haɗa waƙar Malam da wanga abu?"

"Wallahi ba ni ba ne, Allah shi gafarta Malam."

"To wa?"

Sai wani dattijo da ke zaune can kusa da ƙofa, wanda ya fi kowa daɗewa a gaban Baffa, ya ce shi dai ya ji jikokinsa suna faɗin masu ɗora abu a waɗannan wurare ana biyan su ne da irin waɗannan tallace-tallace. Bai kalle ni ba da ya faɗa. Amma kowa ya gane abin da maganar ke nufi, ni ma na gane. Aka yi addu'a a gajarce, aka watse, furar da Inna ta dama tun rana ba a sha rabinta ba. Na naɗe wayoyin talabijin ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma gida na buɗe saƙonnina. Ashe tun makonni da suka wuce dandalin ya aiko mini da sanarwa cikin Turanci, na gan ta na wuce, na ɗauka irin saƙonnin nan ne da ba su ƙarewa. Sanarwar ta ce wani kamfani, wanda ban taɓa jin sunansa ba kuma ba a ƙasar nan yake ba, ya ce sautin da ke cikin bidiyona mallakarsa ne. Na'urarsu ce ta saurara ta gane shi. Sun yi mini alfarma ba su sauke bidiyon ba, amma za a riƙa sa talla a kai, abin da ya fito nasu ne. Na nemi sunan kamfanin, sai ga waƙar Baffa a manhajojin sauraren waƙa. An rubuta sunanta a karkace, an sa hoton wani mutum daban a kan raƙumi.

Washegari na shiga kasuwa neman mai kaset. Ya rasu da jimawa. Ɗansa na tarar a shagon, yanzu caja da memori yake sayarwa. Ya karɓe ni da mutunci, ya ma tuna Baffa. Ya ce shekarun baya, lokacin da kaset ya daina tafiya, wasu mutane suka zo daga kudu suka saye duk tsofaffin kaset na asali da mahaifinsa ya tara, kwali-kwali, suka ba mahaifin nasa takarda ya sa hannu. Tsohon ya yi murna, don har ya fara tunanin ƙona su saboda sun cika shago. Inda suka kai su, da wanda suka sayar wa, bai sani ba.

"Ni kaina," in ji shi, "abin da babana ya ɗauka da hannunai, in na ɗora sai a ce ba namu ba ne."

Dandalin ya ba da hanyar ƙorafi, na bi ta. Na rubuta cewa mai muryar yayan mahaifina ne, shi ya tsara waƙar, bai taɓa sayar wa kowa ba, kuma magadansa suna raye. Aka nemi hujja. Hujjata ita ce kaset mai taunannen zare da rubutun ajami na Baba a bayansa. Na ɗauki hotonsa na tura. Amsa ta dawo babu sunan mutum a ƙasanta: kamfanin ya duba, yana nan kan bakansa. In ina so in ci gaba, sai in ba da cikakken adireshina in kuma yarda cewa maganar tana iya kaiwa kotu, kuma in na faɗi ana iya rufe shafina. A shafin nan bidiyon bikin sunan 'ya'yana yake, da shi kuma nake shiga saƙonnin aikina. Na yi kwanaki ina buɗe wurin ina rufewa. A ƙarshe na janye ƙorafin, na goge bidiyon da hannuna. Nasu yana nan.

Faɗa wa Baba ya fi komai yi mini nauyi. Na same shi da hantsi a zaure, na zauna ƙasa na yi masa bayani yadda zan iya. Ya saurara har na gama.

"Shi Malam ya san an sai da ita?"

"Bai sani ba, Baba. Bayan rasuwarsa aka yi."

"Su waɗanda suka saya, sun san shi?"

"Ba su san shi ba. Ko Hausa ban jin suna ji."

Ya shafa gemu. Na zaci zai yi fushi, da su ko da ni. Abin da ya tambaya daban ne.

"To yanzu in na sa kaset ɗina na saurara, na ci haƙƙinsu ke nan?"

Na ce a'a, ko kusa, kaset ɗinsa ne, kyauta aka ba shi. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gamsu ba. Baba mutum ne da ko goron wani ya faɗo cikin aljihunsa sai ya bi shi da shi har gida. Tunda an ce akwai masu takarda, kuma ɗansa mai boko ya kai ƙara bai yi nasara ba, to a wurinsa maganar ta zama shubuha. Na saya masa ƙaramar rediyo mai cin memori, na zuba masa waƙar a ciki, babu intanet babu talla. Ya karɓa ya sa mini albarka ya ajiye ta a kan taga. Bayan sati biyu Inna ta ja ni gefe ta ce tun ranar bai kunna ta ba, kaset ɗin ma ya naɗe shi a ƙyalle ya sa cikin akwati. Ta ce da yamma yakan zauna shiru a lokacin da ya saba saurare.

Wannan ya fi abin da ya faru a zaure ci mini rai. Kafin in sa hannu, tsoho yana da ɗan'uwansa a cikin rikoda, ko da tana cin zare.

Dole ta sa na je wurin Liman, mutumin da tun ranar Juma'ar nan nake canza hanya in na hango shi. Na durƙusa na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da janye ƙorafin da na yi. Ya yi tambayoyi da yawa, wasu na amsa, wasu na ce ban sani ba. Da la'asar ya taka da kansa zuwa gidanmu. Ya ce wa Baba Malam ya rera waƙoƙinsa ne don Allah, a bainar jama'a, bai karɓi ko sisi ba, kuma wanda ya sayar ya sayar da robar kaset ne, ba abin da bai mallaka ba. Ya ce shi bai san dokar waɗancan mutane ba, amma ya san babu laifi ƙane ya saurari wa'azin yayansa a cikin zaurensa. Sannan ya ce a kunna, shi ma yana son ya ji ƙarshen baitin da aka yanke. Baba ya miƙo mini rediyon, don bai san inda ake dannawa ba. Suka saurara su biyu har ƙarshe, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa.

Saura dattijon nan da ya yi maganar biya. Na daɗe ina shirin zuwa wurinsa ina fasawa, sai da na ji ba shi da lafiya sannan na tafi dubiya. Na same shi kwance a soro, kunnensa ya yi nauyi. Bayan gaisuwa na matsa kusa na ɗaga murya na ce ina son ya sani ban taɓa samun komai daga waƙar Baffa ba, wani kamfani ne ya sa tallar. Sai da na maimaita, 'ya'yansa suna jina. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya kama hannuna ya ce, "Allah shi gafarta muna baki ɗai." Ban san ko ya ji abin da na ce ba, ban kuma san ko ya yarda ba. Ban sake samun damar tambayarsa ba.