Ƙishin Jirgin Ammi Yakubu

Ranar da aka sauke mana jirgin ruwa a ƙofar warsha, wato shagon aikinmu, ba ta taɓa fita daga raina ba. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne, bayan alhazai sun watse, ina aikin kafinta a unguwar Aƙiƙ a Madina. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, mu'allim shi ke karɓar aiki ya yanke yadda za a yi, mu masu hannu muna ƙarƙashinsa. Aikinmu ƙofofi ne da tagogi da kabad. Jirgi kuwa, a Madina? Har mai shayin bakin titi sai da ya leƙo ya ce, "Malam Sani, ko an yi muku albishir da ambaliya ne ba ku gaya mana ba?"

Mai jirgin Ammi Yakubu ne, dattijo haifaffen nan, kakansa ne ya zo daga Damagaram a ƙasa. Mahaifinsa ya yi sana'ar kamun kifi a Yanbu, garin gaɓar teku, da wannan jirgin, irin na katako mai shira'i, wato babban ƙyallen da iska ke turawa. Tun rasuwar tsohon yake yashe a bakin teku. Idon Ammi Yakubu ya fara dushewa, likita kuma bai ɓoye masa ba cewa ganin ba zai daɗe ba. Burinsa ɗaya ne, ya ga shira'in nan a buɗe a kan ruwa kafin duhu ya rufe shi. Zirga-zirgar Yanbu ta fi ƙarfinsa, shi ya sa ya ɗauko jirgin a tirela ta hanyar Badr, don a yi aikin a gabansa.

Mu'allim ya zagaya jirgin ya ce, "Sani, katako ai katako ne. Yalla, mu fara."

Muka cire allunan da suka ruɓe muka sa sababbi. Muka sassaƙa sabon matuƙi na juya akalar jirgi, muka kankare dogon turken da ake ɗaura shira'i, muka yi benci inda a da ake zuba kifi. Wani mai ɗinkin tanti ya ɗinka shira'in. Ammi Yakubu bai yarda ya zauna kallo ba. Kullum ya zo da dabino da gahawa, ya naɗe hannun riga, yana cusa auduga mai mai a tsakanin alluna yadda ya ga babansa na yi, da yatsu yake lalube. Ɗansa Faisal, wanda in ka yi masa Hausa ya amsa da Larabci, in ya zo ɗaukarsa sai ya ce, "Ya abuya, wannan fa itacen girki ne."

Mu kafintoci abu ɗaya muka sani, ɗanyen katako makiyinmu ne, ƙofar da aka yi da shi sai ta karkace. Don haka muka bar jirgin a rana duk tsawon bazara. Mu'allim kan ƙwanƙwasa shi ya ce, "Ka ji amo? Ya bushe ƙayau." Mu duka muna murna.

Da aka samu izinin masu gadin teku, muka bi tirela zuwa Yanbu. Ni da ko Makka in na je sai na ƙosa in koma gida! Aka tura jirgi cikin ruwa da bismilla. Ai kafin mu gama kabbara ruwa ya fara tsartuwa ta kowace kafa, kamar an tsoma kwando. Na ɗauki bokiti ina kwarfewa, ruwa na dariyata. Faisal ya ce, "Khalas, shi ke nan, a fito da shi." Ammi Yakubu yana tsaye yana sauraron ruwan. Mu'allim ya ce in kawo gam da ƙusoshi.

Wani tsohon masunci, Ammi Salim, yana zaune yana gyaran koma. Ya ce, "Ina kuka ajiye shi?"

Na ce, "Madina."

"A rana?"

"A rana, ya Ammi. Sai da ya bushe sarai."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce, "Allah ya shirye ku, mutanen dabino! Kun sa jirgi azumi, yanzu kuna hana shi buɗa-baki? Kada ku taɓa shi da gam. Ku ɗaure shi inda ba zurfi, ku bar shi ya sha. Katakon zai kumbura ya rufe bakinsa da kansa."

Mu'allim ya dube ni, na dube shi. Sai na tuna salkar kakata, in ta daɗe a rataye sai ta yi yoyo, sai an jiƙa ta take riƙe ruwa. Na ce, "Mu'allim, mu bi maganarsa."

Kwanakin da muka yi jira ba su yi mini daɗi ba. Ga kifi safe da rana, ga kewar tuwon maiɗakina. Kowace safiya mu kwarfe, ruwan ya dawo, amma yana raguwa. Ranar Alhamis muka kwarfe, muka zauna muna kallon ƙasan jirgi. Shiru. Ko ɗigo.

Ammi Salim ya shigo ya nuna mana igiyar da za mu ja. Faisal da kansa ya kama, da farar rigarsa da komai. Shira'i ya tashi, iska ta cika shi, jirgi ya yunƙura. Ammi Yakubu na riƙe da matuƙi, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Faisal ya tambaye shi cikin Hausarsa mai tsami, "Baba, kana gani?"

Ya ce, "Ina gani. Fari tas. Ku ƙara ja."

Abin da nake gaya wa masu shigowa aikin nan ke nan. Abin da ka iya gaskiya ne, amma gaskiyar inda ka koye shi ce. In aiki ya kai ka ƙasar da ba taka ba, ka ajiye guduma tukuna, ka gaida tsohon da ka tarar a zaune, ka bari ya gama yi maka dariya. Abin da zai faɗa bayan dariyar shi ne aikin.